Waya Taki Ɗaya

Sana'ata wayarin ɗin mota. Shagona yana Gyadi-Gyadi, ɗan matsattsen wuri tsakanin Tanko mai faci da wani mai sayar da baƙin mai, kuma shekara goma sha huɗu ke nan ina saka wa mutane rediyo da lasifika da talabijin ɗin bayan kujera. Sunana Habibu. Na fara da wannan ne don kada wani ya ce ji na yi a gari. Da hannuna aka yi abin da zan faɗa.

Wata Asabar da hantsi, sanyi ya fara ja da baya, Alhaji Shamsuddeen ya faka baƙar motarsa a ƙofar shagona. Ma'aikacin gwamnati ne, gidansa yana Tarauni, kuma tsohon mai kawo min aiki ne. Matarsa Hajiya Basira, ma'aikaciyar jinya, tana gidan gaba. A baya kuma, daidai bayan direba, wani dattijo ne a jingine, hularsa ta karkace, hannunsa na dama a kwance kan cinya ba ya motsi.

"Injiniya, talabijin nake so a saka wa Baba," in ji Alhaji. "Fito min da masu kyau, ba tarkacen nan da kake kakaba wa 'yan haya ba."

Na fito da su na jera a kan benci. Akwai na rufi, wanda yake saukowa daga sama. Akwai wanda ake ɗaurewa a bayan kujerar gaba. Akwai kuma wanda yake zuwa a cikin matashin kujerar, sai a cire na ainihi a saka shi. Hajiya ta sauko, ta gyara mayafi, ta ce na rufi kam a'a, za a huda mata rufi, ranar da aka tashi sayar da mota a ce ta yi kwanta. Alhaji ya ce inci bakwai ya yi ƙanƙanta, abokansa za su yi masa dariya. Ta ce inci sha uku kuma almubazzaranci ne. Suka koma kan launi, baƙi ko ruwan toka, wanda ya fi dacewa da kujera. Suka koma kan wanda ake shafawa da yatsa da mai rimot. Wallahi sun fi awa ɗaya suna wannan ja-in-ja, kuma a cikinsu babu wanda ya waiwaya ya tambayi wanda za a saka wa abin.

Ni na leƙa na gaishe shi. "Baba, ina kwana? Ya ƙarfin jiki?"

Ya ɗago ido. Bakinsa ya karkace gefe, maganar tana fita da ƙyar, amma idon nan tar yake. Ya nuna gaban motar da haɓa, don Alhaji bai kashe ta ba.

"Fulogi," ya ce. "Ɗaya... ba ya ci."

Na kasa kunne. Kai! Gaskiyarsa ce, injin yana ɗan ɗingishi, ni da nake tsaye kusa da shi ban ma lura ba. Alhaji ya yi dariya ya ce kada in yi mamaki, Malam Sha'aibu shekara talatin da biyar yana jan tirela tsakanin Kano da Legas kafin hawan jini ya kayar da shi bara.

Suka tsaya a kan inci goma, na ɗaurewa, guda ɗaya. Sai na yi tambayar da nake yi wa kowa.

"Yallaɓai, da makulli za a haɗa, ko kai tsaye daga batir?"

Ga wanda bai sani ba, in aka haɗa da makulli, ana kashe mota talabijin zai mutu. In aka haɗa kai tsaye, ko an kashe an zare makulli an tafi, yana nan yana yi. Cikin mutum ɗari, casa'in da tara makulli suke zaɓa.

"Kai tsaye," in ji Alhaji, ko tunani bai yi ba.

"Zai shanye maka batir fa."

"Batir da mai wanne ya fi tsada yanzu? In bar injin yana aiki daga tara zuwa huɗu, gidan mai gare ni?"

Ganin na tsaya ina kallonsa, sai ya dafa kafaɗata ya warware min. Wai shi ba ya iya rabuwa da mahaifinsa. Duk inda za shi, tare suke, ofis ne, majalisa ce, ɗaurin aure ne. Sai dai ba zai yiwu ya riƙa ciccibar shi yana shiga da shi cikin mutane ba, shi ya sa yake son abin da zai ɗebe masa kewa a mota.

"A gida fa?" na ce.

Hajiya ce ta amsa, ta sunkuyar da kai, muryar nan a sanyaye. "Haba Malam Habibu, surukina ne fa. Ni ko ido ba na iya haɗawa da su Baba, balle in kama su in kai bayan gida. Ai da kunya. Ga shi in na fita aiki kulle gidan nake yi."

Matar da take yini tana juya mazan da ba ta sani ba a gadon asibiti! Amma a lokacin ban ga haka ba. Har cewa na yi, "Allah ya yi maka albarka, Alhaji, irinku sun yi ƙaranci." Na ja waya daga batir, na saka fis, na ɗaure talabijin a bayan kujerar direba. Alhaji ya ba ni ɗan filas na kwamfuta, bidiyo ɗaya ne tal a ciki, na masu ɗawafi a Ka'aba, ya ce in saita shi ya riƙa maimaita kansa. Ya ce Baba ya samu lada yana zaune.

Bayan sati uku motar ta dawo, batir ya fara gajiya, Alhaji yana son babba. Zafi ya fara shigowa. Ina buɗe ƙofar baya don in duba soket, wani wari ya buge ni, zarnin fitsari da aka danne da turaren feshi. An shimfiɗa leda a kan kujerar. Malam Sha'aibu ya faɗa, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, leɓɓansa sun tsage. Masu ɗawafi suna ta zagayawa a gabansa.

"Baba, ana kallo?"

"Na... haddace," ya ce. Ya yi wani ɗan murmushi da rabin baki.

Na ɗauko ruwan leda daga kular shago, na huda na kai masa baki. Ya kama shi da hannun hagu yana zuƙa, har yana ƙwarewa. Bai kai rabi ba Alhaji ya fizge.

"Kai Habibu, kada ka jawo min aiki! Safe da yamma yake sha. Kai za ka wanke min kujera?"

"Yallaɓai, ana rana fa."

"A ƙarƙashin darbejiya nake ajiye shi. Ina sauke gilas kamar yatsa biyu. Ina leƙo shi. Me kuma ake so in yi, in ajiye aiki?"

Dattijon ya kamo bakin rigata. Na sunkuya.

"Inuwa," ya ce, "tafiya take."

Na gane abin da yake nufi. Duk direba ya san wannan. Inda ka ajiye mota a inuwa ƙarfe tara, kafin azahar rana ce take dukanta. Na faɗa wa Alhaji. Ya ce tsufa ne, surutai yake yi, tun da ciwon nan ya same shi ba komai yake faɗa daidai ba. Na saka masa babban batir. Har na yi alfahari da aikina, na ce masa wannan zai riƙe talabijin yini guda cur.

Da suka tafi na faɗa wa Tanko mai faci abin da na gani. Tanko ya ci gaba da goga tayarsa, ya ce, "Tsakanin ɗa da uba kake son shiga? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kai dai ka ga wani yana yawo da ubansa a mota mai esi, naka uban ko jaki bai samu ba." Na yi dariya, na bar maganar.

Zuwa na uku shi ne wanda ba zan yafe wa kaina ba. Tsakiyar bazara ce, irin zafin nan da in ka taɓa bonet sai ka yarfe hannu. Alhaji ya fito a fusace, ya ce abu biyu yake so: baƙar leda a gilasan baya, mai duhu sosai, da kuma abin ji na sakawa a kunne.

Ashe jiya Baba ne ya kira wata mai sayar da awara ta ɗan tsagin gilas, ya roƙe ta ruwa. Matar ta leƙa ta ga halin da yake ciki, ta ajiye tirenta ta shiga har cikin ofis tana tambayar wane marar imani ne mai baƙar mota.

"A gaban ogana, Habibu! A gaban yarana! Tsohon nan so yake ya tozarta ni. Mutum ina wahala da shi, yana nuna wa duniya kamar ba na ba shi ruwa. To daga yau gilas a rufe. Duk awa zan riƙa fitowa in kunna masa esi na minti goma."

"Yallaɓai, mota a rufe a wannan zafin, ko akuya ba a bari."

"Ubanka ne ko ubana?"

Ya danna waya ya kira ƙanwarsa Naja'atu da take aure a Darmanawa, ya buɗe murya don in ji da kunnena. Ya ce mata ga mai wayarin yana masa wa'azi a kan Baba, ko za ta karɓe shi na wata ɗaya? Ta fara da salati. Ta ce Allah ya sani tana so, amma maigidan bai yarda ba, ɗakunan biyu ne, ga yara, ga ta da ciwon baya. Ta ce, "Ai kai ne namiji, Yaya. Kuma na ji an ce har talabijin ka saka masa, mu ko a falo namu ya lalace. A gaishe min da shi." Ta kashe. Uban yana jin ta daga inda yake, tazarar taku biyu, ba ta ce a ba shi wayar ba.

Alhaji ya tsallaka titi sayen katin waya. Na shiga bayan motar da ledar gilas. Malam Sha'aibu ya zama ƙashi da fata, idanun sun zurma, ga wani gyambo da ya fito masa a gwiwar hannu inda take gogar ƙofa. Na lura an tura ɗan maɓallin nan na gefen ƙofa, wanda ake turawa don kada yara su buɗe daga ciki. Ya damƙi wuyan hannuna. Ban san akwai sauran ƙarfi haka a jikinsa ba. Ya ja hannuna ya ɗora a kan madannin gilas na ƙofarsa.

"Ɗana," ya ce. "Wannan... ba ya yi... in an kashe. Ja masa wuta. Daga nan." Ya nuna wayar talabijin da ido. "Taki... ɗaya."

Tsohon direba, ya riga ya auna. Wutar da na jawo wa talabijin ta bi ta ƙarƙashin kujera, dab da ƙofarsa. Waya taki ɗaya, aikin minti biyar, gilashinsa zai riƙa sauka ko babu makulli. Na zaro waya ja daga aljihu, na auna da tafin hannuna, na yanke, na feƙe bakinta biyu. Ina cikin kwance murfin ƙofar Alhaji ya dawo.

"Me kake yi a nan?"

Da na yi masa ƙarya. Da na ce soket nake gyarawa. Amma sai bakina ya faɗi gaskiya, ina tsammanin zai ce to.

"Don ya riƙa sauke gilas yana tara min jama'a? Mayar da murfin nan." Ya rage murya. "Habibu, motoci nawa na turo maka daga ofishinmu bana? In aikin ya ishe ka, masu wayarin ba su ƙare a Kano ba."

Na mayar da murfin. Na cusa guntuwar wayar a aljihu. Na manna baƙar leda a gilasan nan uku, na goge ta tas babu kumfa ko ɗaya, ina faɗa wa zuciyata ai baƙin gilas yana rage zafi. Na saƙala wa dattijon abin ji a kunne da hannuna. Kallona kawai ya yi har na rufe ƙofar, daga nan kuma ko ni da nake tsaye a jikin motar ban iya ganinsa ba.

Kwana goma sha ɗaya aka yi. Ranar Asabar aka ɗaura auren 'yar ogansu a Unguwar Gano, ƙarfe sha ɗaya. Alhaji ya ajiye motar a inuwar wata katanga. Da aka shafa fatiha aka ce a wuce walima, layin ya cushe, motoci sun tare shi gaba da baya, sai ya faɗa motar abokinsa, wai yanzu zai dawo. Aka ci, aka sha, aka yi hotuna. Sai bayan la'asar ya dawo. Inuwar katangar ta daɗe da komawa ɗaya gefen. Mutane sun yi ta wucewa ta jikin motar yini guda, wasu har jingina suka yi da ita suna waya, babu wanda ya ga komai. Da ya buɗe ƙofa talabijin yana nan yana yi. Batir ɗina bai ba da kunya ba.

Na je jana'iza, na je zaman makoki a Tarauni. Aka ce hawan jinin ne ya sake bugawa, kowa ya ce Allahu akbar, kwana ya ƙare. Alhaji yana tsakiyar tabarma, ido jawur, ana ta ba shi hannu. Wani dattijon unguwa ya ɗaga murya ya ce samari su yi koyi, ga yaron da bai taɓa barin ubansa a gida ba, ƙafarsa ƙafarsa. Wani ya karɓe ya ce, "Kuma ku dubi kyakkyawan ƙarshe, bawan Allah ya cika yana kallon Ka'aba!" Aka ɗauki kabbara. Daga cikin gida ana jiyo kukan Naja'atu, ita ta fi kowa murya. Ni ma na miƙa hannu na ce Allah ya jiƙansa, Allah ya ba da haƙuri. Abin da na faɗa ke nan, ban ƙara ko kalma ɗaya ba.

Sati biyu bayan haka sai ga baƙar motar a ƙofar shagona, an wanke ta, an cire ledar kujera, tana ƙamshi. Alhaji ya ce ayyuka uku ne ƙanana. A ƙara talabijin na biyu a ɗaya kujerar, don yaransa Hasana da Nura suna faɗa a kan guda. A mayar da su kan makulli, kada yara su kashe masa batir. Sannan madannin gilas na bayan direba ya lalace, bai san garin yaya ba.

Na buɗe ƙofar. Madannin ya nutse ciki, robar ta tsage biyu. Fatar da ke kewaye da shi duk an kankare ta, har soson ciki ya fito. Na sa sukundireba na ɗago shi. A cikin tsagin akwai ɓallin farce, mai kauri, irin na tsofaffi, da busasshen jini a gindinsa.

Na tashi na ɗora wa Alhaji farcen a tafin hannu.

"Mene ne wannan?"

"Na Baba ne. Gilas yake nema."

Ya kalli abin, ya kalle ni. Na ɗauka zai rushe da kuka, ko ya kai min mari, wallahi da ya mare ni da na ji sanyi. Sai kawai ya karkaɗe hannunsa a jikin riga.

"Habibu, kana jayayya da ƙaddara ne? Kwanansa ne ya ƙare. Za ka yi aikin ko in yi gaba?"

Na ce ya yi gaba. Ya yi gaban kuwa, shago na huɗu daga nawa, aka saka masa inci sha uku guda biyu kafin azahar. Tanko ya ce na yi wauta, wanda ya mutu ya riga ya mutu.

Wataƙila gaskiyar Tanko ce, don ƙin aikin da na yi ranar bai sauke wa kowa gilas ba. Jarumtar bayan an binne mutum, wa ta amfana? Mu da yawa muka ga tsohon nan. Maigadin ofis ya gan shi, abokan hirar Alhaji na majalisa sun gan shi, ni har ƙishirwarsa na ji da hannuna. A cikinmu duka mai awara ce kaɗai ta ajiye tirenta ta buɗe baki, mu kuwa masu gemu muka ce tsakanin ɗa da uba ne. An zauna an zaɓa masa inci, an zaɓa masa launi, an zaɓa masa abin da zai kalla. Abu ɗaya ya taɓa zaɓa da bakinsa, kuma ni ya roƙa, har ya kira ni ɗansa.

Yanzu duk wanda ya ce min a haɗa kai tsaye, sai na tambaye shi wa zai zauna a baya. Wasu su yi dariya, wasu su ji haushi su tafi. Su tafi ɗin.

Guntuwar wayar tana nan a akwatin kayan aikina, ja, bakinta biyu a feƙe. Kullum na buɗe neman filaya sai na ci karo da ita. Na sake auna ta ba sau ɗaya ba, ko zan samu ta gaza, in ce ai da ma ba za ta kai ba. Tana kaiwa, har da ragowar yatsa biyu.